Yaron da rubutu ke gagara: yadda ake neman tallafin naƙasa a Faransa kan larurar disgirafi

Malaman makarantar boko sun san irin wannan yaro. In an yi masa tambaya da baki sai ya amsa daidai, karatu ma yana ja ba laifi, amma da zarar an ce a buɗe kaye a kwafi abin da ke kan allo, lamari ya ɓaci. Baƙaƙensa wani ya hau wani, layi ya karkace, manya da ƙanana sun cuɗe, har shi kansa in an miƙa masa kayensa bayan kwana biyu ba ya iya karanta abin da ya rubuta. Ya danne bik kamar zai huda takarda, yatsu su yi masa ciwo, abokansa sun gama sun fita shan iska shi yana layi na uku. A gida a ce lalaci ne, a aji a ce rashin kula, sau da yawa kuma bulala ce ke biyo baya.

Wasu daga cikin yaran nan larura ce gare su, wadda ake kira dysgraphie da Faransanci, wato disgirafi. Wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Julian de Ajuriaguerra da abokan aikinsa a birnin Paris ne suka fayyace ta a binciken da suka wallafa a 1964: yaro ne da rubutunsa ya gaza matuƙa, alhali ba shi da wata babbar cutar jijiya ko raunin basira da za a ɗora wa laifin. Sun ma raba yaran kashi biyar. Akwai masu sandararren hannu, akwai masu sakakken hannu, akwai masu gaggawa, akwai waɗanda hannun bai iya sarrafa alƙalami ba, sai kuma waɗanda rubutunsu ke da kyau amma jinkirinsu ya wuce hankali. Waɗannan na ƙarshe su ne aka fi mantawa da su, don malami yana ganin kaye tsaf, ba ya lura cewa rabin darasin ba ya ciki.

Tushen matsalar shi ne, ga yawancin yara, bayan shekara biyu ko uku na koyo hannu yakan riƙa rubutu da kansa, hankali kuma ya koma kan abin da malami ke faɗa. Mai disgirafi bai kai wannan matsayi ba. Kowane baƙi sai ya zana shi da niyya, kamar ranar farko, saboda haka ba ya iya sauraro da rubutu a lokaci guda. Disgirafi daban take da disleksi, wadda ta shafi karatu, daban kuma da matsalar ƙa'idojin rubutu da ke sa yaro faɗuwa dikte, ko da yake sukan haɗu a jikin yaro ɗaya. Takan zo kuma tare da matsalar sarrafa motsin jiki ko ta rashin natsuwa.

Faransa na cikin ƙasashen da wannan larura ke iya buɗe ƙofar tallafin gwamnati, kuma akwai iyalai ƴan Nijar da ke zaune a can da ƴaƴansu a makarantu, akwai ɗalibai, akwai ma'aikata. Ƴan'uwa a Maraɗi ko Damagaram kan ji cewa a ƙasar Turawa duk mai larura albashi ake ba shi. Ba haka abin yake ba. Sunan larura kaɗai ba ya kawo ko dala. Abin da hukuma ke aunawa shi ne yadda larurar ke tauye rayuwar mutum ta yau da kullum, kuma mai nema ne zai kawo hujjar hakan a rubuce.

Gidan da ake kai takardu

Dokar 11 ga Fabrairu 2005 ce ginshiƙin tsarin. Ita ce ta faɗaɗa ma'anar naƙasa a Faransa har ta haɗa da tangarɗar ayyukan ƙwaƙwalwa irin su koyo da natsuwa, ba makanta ko kurumta ko gurguntaka kaɗai ba. Ita ce kuma ta kafa a kowace gunduma wata ma'aikata da ake kira MDPH, gidan masu naƙasa na gunduma. A nan ake ajiye dosiye. Tawagar ƙwararru, cikinsu har da likita da malamin makaranta da ma'aikacin jin daɗin jama'a, ta duba takardun ta ba da shawara, sannan wani kwamiti mai suna CDAPH ya yanke hukunci. MDPH ba ta biyan kuɗi da hannunta. In kwamiti ya amince, asusun tallafin iyali na CAF ne ke biya, ko MSA ga masu aikin gona.

Layin kashi 50

Kusan duk maganar kuɗi tana rataye ne a kan abin da ake kira taux d'incapacité, wato ma'aunin tauyewa. Ba a ba mutum lamba takamaimai. Ana saka shi ne a ɗaya daga cikin matakai uku: ƙasa da kashi 50 cikin ɗari, daga 50 zuwa 79, ko 80 zuwa sama. Ƙasa da 50 na nufin akwai matsala amma rayuwa na tafiya. Daga 50 zuwa 79 na nufin matsalar ta tauye rayuwa sosai, sai da ƙoƙari na musamman ko taimako ake iya ci gaba, ko da yake mutum na iya yi wa kansa wanka da cin abinci da sa tufafi. Kashi 80 kuwa na wanda ba ya iya kula da kansa ne ba tare da wani ba, kuma da wuya disgirafi ita kaɗai ta kai mutum can.

A ɗauki misalin yara biyu ƴan shekara 10, dukansu an tabbatar suna da disgirafi. Na farko rubutunsa ba ya karantuwa, amma tun da malama ta fara ba shi darasi a buge kuma ta rage masa yawan kwafi, yana bin aji, yana wasa da abokai, yana barci lafiya. Na biyu ban da rubutun, ba ya iya ɗaure igiyar takalmi ko sa maɓallin riga, aikin gida na minti 20 yana cinye masa awa biyu da kuka, sau biyu a mako ana kai shi wajen masu horar da hannu, har uwarsa ta rage ranakun aikinta don ta riƙa raka shi. Sunan larurar ɗaya ne a takardar likita. Na farko zai iya tsayawa ƙasa da kashi 50, ya samu gyare-gyare a makaranta ba tare da kuɗi ba. Na biyu shi ne ke da damar haye layin.

A nan ne iyaye da yawa ke cutar kansu da kansu. Tarbiyyarmu ta koyar da rufa asiri da godiya. In aka tambayi uwa yaya yaro, sai ta ce alhamdulillahi, da sauƙi. Wannan amsa ce mai kyau ga maƙwabci, amma in aka rubuta ta a dosiye, kwamiti zai ɗauke ta yadda aka faɗe ta. Mafi yawan lokaci waɗanda ke yanke hukunci ba su taɓa ganin yaron ba, takarda kawai suke gani.

Hujjar da ake bukata

Kafin a je MDPH sai an tabbatar da larurar. Ba a saurin yanke hukunci a ajin farko, don a lokacin kowa ma rubutun kaza yake yi. An fi jira sai yaro ya ɗan daɗe yana koyo kuma an ga taimakon da aka saba bayarwa bai yi amfani ba. Likitan iyali ko na makaranta kan fara da duba ido da ji, sannan ya tura yaron wajen ƙwararru. Gwajin da aka fi amfani da shi ana kiransa BHK, wanda aka ƙirƙiro a Holan aka daidaita shi da Faransanci a 2004. Ana ba yaro wani rubutu ya kwafa na minti 5 a farar takarda marar layi, sannan a auna abubuwa 13, irin su girman baƙaƙe, karkacewar layi, tazarar kalmomi da yawan gyare-gyare, a kuma ƙirga baƙaƙe nawa ya rubuta a gwada da na sa'o'insa.

Masu yin gwajin galibi su ne psychomotricien, masanin alaƙar motsin jiki da ƙwaƙwalwa, da ergothérapeute, mai koyar da dabarun aiki da hannu da na'urori. In akwai matsalar karatu sai a haɗa da orthophoniste, mai gyaran magana da karatu. Akwai bambanci mai muhimmanci ga aljihu: inshorar lafiya ta gwamnati tana mayar da kuɗin orthophoniste in likita ne ya rubuta, amma ba ta saba mayar da kuɗin sauran biyun ba in a ofis ɗinsu na kansu suke aiki. Mafita ita ce cibiyoyin gwamnati na kula da yara, inda layi ke da tsawo, ko tsarin da ake kira PCO, wanda ke ɗaukar nauyin gwaji da horo na wani lokaci ga yaran da ba su wuce shekara 12 ba. Wannan giɓi ne ke sa iyaye da yawa neman tallafin MDPH tun farko.

Dosiye kansa ya ƙunshi fom na nema mai lamba 15692, takardar shaidar likita mai lamba 15695 wadda ba ta kai shekara ɗaya da sa hannu ba, takardar shaidar ɗan ƙasa ko izinin zama, da shaidar adireshi. Ga ɗan makaranta ana ƙara wata takarda mai suna GEVA-Sco da malamai ke cikawa tare da iyaye. Sai a haɗa sakamakon gwaje-gwaje duka, da rasit na kuɗin da aka kashe da ƙiyasin wanda za a kashe. Hoton shafi ɗaya ko biyu na kayen yaron, musamman shafin ƙarshen yini lokacin da hannu ya gaji, yakan yi bayanin da dogon zance ba zai yi ba.

Abin mamaki, fom ɗin shafi 20 ne, kuma babban mutum mai disgirafi da ke nema wa kansa zai tarar da ainihin abin da ke gagararsa ne aka ajiye masa a bakin ƙofa. Ba dole ba ne a cika da hannu. Gundumomi da yawa na karɓa ta intanet, ana iya bugawa a kwamfuta, kuma ma'aikatan MDPH, da na ofishin jin daɗin jama'a na ma'aikatar magajin gari, da ƙungiyoyin iyaye irin waɗanda ke ƙarƙashin tarayyar FFDys suna taimakawa kyauta. Wanda Faransancinsa bai nuna ba ya nemi wannan taimako tun farko, kada ya bar wa ɗansa ɗan shekara 12 aikin fassara.

Sashen da ya fi kowane nauyi shi ne inda aka ce mutum ya bayyana rayuwarsa ta kullum da abin da yake bukata. A nan lissafi ake so. Minti nawa aikin gida ke ɗauka, wa ke zama da yaron, sau nawa ake zuwa horo a mako, tafiyar kilomita nawa ce, nawa ake biya, me yaron ya daina yi saboda larurar, yana ƙin zuwa makaranta ko ciwon ciki na kama shi ranar dikte. A kwatanta rana mai wuya, ba rana mai daɗi kaɗai ba. Ƙari a kan gaskiya kuma ba ya taimako, domin za a gwada maganar iyaye da ta likita da ta malamai, in suka saɓa dosiye ya yi rauni.

Abin da ake iya samu

Ga yawancin yara, babbar riba a makaranta take. Akwai tsari mai sauƙi da ake kira PAP, wanda ba ya bi ta MDPH ko kaɗan: likitan makaranta ya ba da ra'ayi, shugaban makaranta da malamai su tsara sauƙaƙawa, kamar darasi a buge, rage kwafi, tambaya da baki, ƙarin lokaci. In bukata ta wuce nan, sai MDPH ta buɗe tsarin PPS, wanda ta hanyarsa ake iya ba yaro aron kwamfuta daga hukumar ilimi ko a haɗa shi da mai taimaka masa a aji, wanda ake kira AESH. A jarrabawar brebe da ta bak ana iya samun ƙarin kashi ɗaya bisa uku na lokaci, wato jarrabawar falsafa ta awa 4 ta koma awa 5 da minti 20, ko izinin amfani da kwamfuta, ko mai rubuta wa ɗalibi abin da ya faɗa. Wannan ana nemansa daban kuma tun da wuri, kafin a rufe rajistar jarrabawa. Kwamfuta kuma ba a miƙa wa yaro ranar jarrabawa a ce ya yi; sai ya shafe watanni yana koyon bugu kafin ta fi masa bik sauri.

Kuɗin yara shi ne AEEH, na wanda bai kai shekara 20 ba. Ana samunsa da kashi 80, ko da kashi 50 zuwa 79 in yaron na bukatar kulawa ko rakiya ta musamman da kwamiti ya amince da ita. Ba a duba albashin iyaye. A watan Afrilun 2025 tushen tallafin ya kai Yuro 151 da santim 80 a wata, kusan jika 100 na sefa ke nan. A kunnen mai zaune a Tawa kuɗi ne mai kauri, amma zaman horo ƴan kaɗan ne ke lamushe shi a can. Shi ya sa aka yi ƙari mai matakai shida, gwargwadon kuɗin da larurar ke ci da kuma ko ɗaya daga cikin iyaye ya rage aiki ko ya bari gaba ɗaya. Rasit ɗin da aka ambata a sama a nan suke aiki.

Ga manya lamarin ya fi tsauri. Tallafin AAH, daga shekara 20, ya kai Yuro 1033 da ɗan ɗoriya a wata a Afrilun 2025 ga wanda ba shi da wata hanyar samu, kimanin jika 678. Ana duba abin da mutum ke samu, sai dai tun 1 ga Oktoba 2023 an daina lissafa albashin miji ko mata. Wanda ke tsakanin kashi 50 da 79 dole ya nuna cewa larurar ta tare masa hanyar samun aiki ƙwarai kuma na dogon lokaci, har da gyaran wurin aiki ba zai wadatar ba. A zamanin da yawancin rubutun ofis a kwamfuta ake yi, kuma waya na mayar da magana rubutu, wannan hujja tana da wuyar kafawa da disgirafi ita kaɗai. Waɗanda ke samu galibi masu larurori ne da suka taru.

Abin da ya fi kusa da hannun babba shi ne RQTH, shaidar cewa ma'aikaci ne mai naƙasa. Ba kuɗin wata ba ne kuma ba ta bukatar kashi 50. Amfaninta shi ne doka ta wajabta wa duk kamfani mai ma'aikata 20 zuwa sama ya cika kashi 6 cikin ɗari da masu naƙasa ko ya biya diyya, kuma akwai asusun Agefiph na kamfanoni masu zaman kansu da FIPHFP na aikin gwamnati da ke biyan kayan aiki da horo. Mai shaidar ba a tilasta masa ya gaya wa mai gidansa ba. Shi ke zaɓar lokacin da zai fito da ita. Wanda kuwa rubutu ya ƙwace masa da girma, bayan shanyewar ɓarin jiki ko hatsari, yana da wata hanya dabam ta fanshon rashin lafiya a inshorar ma'aikata, in ƙarfin aikinsa ya ragu da kashi biyu bisa uku kuma ya cika sharuɗɗan biyan kuɗin asusu.

Baƙo da mazaunin gida

Ba sai ɗan ƙasar Faransa ba, amma sai mai zama bisa ƙa'ida. Ɗan Nijar na bukatar izinin zama mai aiki, kuma ga tallafin yara CAF kan nemi shaidar cewa an haifi yaron a Faransa ko ya shigo ta hanyar da doka ta yarda. Tallafin ba ya bin mutum zuwa gida. Wannan ya shafi al'adar nan ta tura yaro wajen kaka a Yamai ko Damagaram don ya koyi harshe da karatun allo: hutun damina ba matsala, amma in zaman waje ya wuce wata uku a shekara ana iya tsayar da biya, har a nemi a mayar da abin da aka karɓa.

Nijar na da nata dokoki. Dokar 1993 kan kare masu naƙasa ta ware musu kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki a ma'aikatu masu mutum 20 zuwa sama, ƙasar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙoƙinsu a 2008, sannan aka yi sabuwar doka a Disamban 2019. Sai dai a idon jama'a naƙasa ita ce wadda ake gani, kuma yaron da ke gudu da ƙafafunsa yana magana da bakinsa ba wanda ke lissafa shi a ciki. Mafi yawan abin da PAP ke bayarwa a Faransa kuwa ba ya cin ko sisi: malami a Maraɗi na iya yi wa yaro tambaya da baki, ya rage masa kwafi, ya zaunar da shi gaba, ya bar aboki ya ara masa kaye, ya ajiye bulala.

In an ƙi

Doka ta ba MDPH wata huɗu ta amsa, in ta yi shiru ana ɗaukar shirun a matsayin ƙi, ko da yake a gundumomi masu cunkoso jinkiri kan wuce haka kuma amsa mai kyau na iya zuwa daga baya. A adana takardar da ke nuna ranar da aka karɓi dosiye, domin AEEH da AAH suna fara aiki ne daga ranar ɗaya ga watan da ya biyo bayan ajiyewa, kuma ana biyan watannin da aka yi ana jira. Mai nema na da damar roƙon kwamiti ya saurare shi baki da baki, da rakiyar wanda ya zaɓa.

In amsa ba ta yi daɗi ba, akwai wata biyu na rubuta wa MDPH ɗin a sake dubawa, matakin da ya zama dole tun 2019 kafin a je kotu. Maimaita tsohon dosiye ba ya canza komai. A nemi sanin matakin da aka saka mutum da dalili, sannan a kawo abin da ya rasa: sabon gwaji, wasiƙar malami, rasit da ba a haɗa ba. In aka sake ƙi, akwai wasu wata biyu na kai ƙara, kotun shari'a ta gunduma ga AEEH da AAH, kotun harkokin mulki ga RQTH.

Wanda aka ba shi ma ya duba ranar ƙarewa a takardar. Ga yaro mai kashi 50 zuwa 79 galibi akan ba da AEEH na shekara 2 zuwa 5 ne, kuma ba ta sabunta kanta. Ana shawartar iyaye su ajiye sabon dosiye kimanin wata shida kafin wa'adi, da sabuwar takardar likita da gwajin da ke nuna inda hannun yaron ya kai a yanzu, musamman in yana shirin shiga kolej, inda malamai ke da yawa kuma kowa da nasa allo da za a kwafa.